BIYAN BASHI KO SAYEN MOTA: WANNE ZA A FARA?

(Jawabin da aka gabatar wa dattawa, iyaye mata da matasan ikkilisiyoyinmu a Gazara, bayan kaka)

  Mun gode wa Allah wanda ya ba mu ruwa, ya ba mu lafiyar noma, ya kuma kai mu lokacin girbi.

GABATARWA

Kowace shekara, da zarar masara ta shiga buhu aka kuma fara saran rake, kuɗi yakan shigo hannun mutanenmu a dunƙule. A daidai wannan lokaci ne wasu daga cikin matasanmu, har da magidanta, sukan fara zirga-zirga zuwa wuraren sayar da motoci a Zariya da Kaduna. A Turai da Amurka, saurayin da ya sami kuɗi yakan yi marmarin motar tsere mai kujera biyu. A nan wurinmu Honda ce, ko Camry, ko Marsandi mai sheƙi, irin wadda in ta tsaya a ƙofar majami'a ranar Kirsimati sai kowa ya waiwaya. Sunan motar ne ya bambanta, amma marmarin iri ɗaya ne.

Tambayar da ake yawan kawo wa dattawa ita ce: mutum yana da kuɗin mota a hannu, amma ana binsa bashin taki, ko na ƙungiyar gama kai, ko na wani ɗan kasuwa. Ya sayi motar ya riƙa biyan bashin a hankali, ko ya biya bashin ya ɗage motar zuwa wata shekara? Amsarmu tun daga farko ita ce: a biya bashi, mota ta jira. Za mu kawo dalilai daga Maganar Allah, daga lissafi, da kuma daga irin zaman da muke yi a wannan ƙasa.

ABIN DA LITTAFI MAI TSARKI YA KOYA MANA

Bari mu fara da cewa cin bashi ba zunubi ba ne. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. A cikin 2 Sarakuna 4:1-7 mun karanta labarin wata gwauruwa wadda mijinta yana cikin ƙungiyar annabawa, mutum mai tsoron Allah, amma ya rasu ya bar bashi, har mai bin bashin ya zo zai kwashe 'ya'yansa biyu su zama bayi. Allah ya yi mata mu'ujiza ta hannun annabi Elisha, ɗan man da ke gidanta ya cika tukwane. Abin lura shi ne yadda annabin ya tsara mata amfani da wannan albarka. Mai bin bashi ya sa a gaba, sa'an nan ita da 'ya'yanta su ci abin da ya ragu. Man nan daga wurin Allah ya zo, duk da haka ba duka ne nata ba sai da ta sauke hakkin da ke kanta.

Haka amfanin gonarmu yake. In ka sami buhu 100 na masara, kuma buhu 30 na mai taki ne, to Allah ya ba ka buhu 70, ya kuma ba ka amanar buhu 30 ka kai wa mai shi. Wanda ya haɗa duka ya sayi mota, ya sa kuɗin wani a cikin motarsa ba da izininsa ba.

Karin Magana 22:7 ta kamanta matsayin wanda ake bi bashi da matsayin bawa a gaban ubangidansa. Zabura 37:21 ta lissafa ƙin biyan bashi cikin halayen mugu. A Romawa 13:8 Manzo Bulus ya nuna cewa nauyi ɗaya ne aka yarda ya daɗe a kan mai bi, wato ƙauna, sauran duka na saukewa ne. Karin Magana 24:27 kuwa, kamar da mu manoma take magana, domin ta sa gyaran gona a gaban ginin gida. In gida ma zai jira gona, balle mota.

A ZAUNA A YI LISSAFI

Ubangiji Yesu, a Luka 14:28-30, ya ba da misalin mai son gina hasumiya wanda ya kamata ya fara zama ya ƙirga abin da aikin zai ci. Bari mu ma mu ƙirga. Waɗannan alƙaluma misali ne kawai, kowa ya sa nasa a wurinsu.

A ce wani ɗan'uwa ya sayar da rake da masara, ya haɗa da ajiyarsa, ya tashi da Naira miliyan 5. Ana binsa Naira 1,800,000, kuma mai kuɗin yana ɗora ruwa kashi 5 cikin 100 kowane wata. In ya zuba miliyan 5 ɗin a mota, kuɗin ruwa kaɗai Naira 90,000 ne a wata, wato Naira 1,080,000 a shekara. Kafin wata kakar, bashin ya zama Naira 2,880,000. A ce kuma motar tana shan lita 20 a mako, lita a kan Naira 900. Wannan Naira 936,000 ke nan a shekara. Kuɗin ruwa da na fetur sun haura miliyan 2, sun fi uwar bashin da ya ƙi biya tun farko. Ba mu sa baƙin mai ba, ba mu sa taya da takardu da kuɗin makanike ba. Mun kuma san abin da hanyoyin ƙauyukanmu suke yi wa mota mai ƙasa-ƙasa da damina. Mafi muni, in ruwa ya sauka ba shi da kuɗin taki, dole ya sake komawa wurin mai ba da bashi, sabo a kan tsoho.

In kuwa ya biya bashin a yau, ya rage da Naira 3,200,000 tasa ta kansa. Zai iya sayen takinsa tun da rani kafin ya yi tsada, ya sayi injin ban ruwa ya shiga fadama, ko ya ɗaure bijimi ya yi kiwo. Waɗannan suna kawo kuɗi gida. Motar ƙawa kuwa tun ranar da ta shigo take fitar da shi.

Kada kuma wani ya ce zai ruga banki ya sami rance mai sauƙi. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, abin da bankuna ke ɗora wa ƙaramin mutum kuwa ya fi haka. Masu ba da rance ta wayar hannu sun fi kowa tsanani, kuma an sha ganin yadda suke aika saƙon cin mutunci ga 'yan'uwa da abokan wanda ya makara.

KAKA BA KULLUM TAKE ZUWA IRI ƊAYA BA

Mai cewa "zan biya baɗi" yana lissafi da amfanin da bai shuka ba tukuna. Mu tuna abubuwan da suka faru a gabanmu.

A 2016 tsutsar tumatir, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonaki a wannan yanki, har Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Wanda ya dogara ga kwandunan tumatir ɗinsa don biyan bashi a wannan shekara, ya san yadda ya ƙare.

A ƙarshen Satumba 2021, saboda matsalar tsaro, gwamnatin jiha ta hana hawa babur na wata 3. Samarin da suka karɓi babur bashi don yin acaɓa sun ajiye shi a zaure, amma bashin bai zauna a zaure ba.

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce Naira 1,000 a wurare da dama. Motoci nawa muka gani an lulluɓe da tamfol a ƙofar gida tun daga lokacin?

A 2024 masara ta yi tsada ƙwarai, manoma suka ga kuɗin da ba su taɓa gani ba. A 2025 farashin hatsi ya faɗi, taki kuwa bai sauko tare da shi ba. Wanda ya biya bashinsa a shekarar tsada ya tsira. Wanda ya ɗaga zuwa shekarar arha, sai da ya sayar da buhuna masu yawa kafin ya haɗa kuɗin da buhuna kaɗan za su biya a bara.

Iyayenmu dattawa za su iya ba mu labarin da ya fi waɗannan tsufa. A 1974, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka yi ƙarin albashin Udoji, ma'aikata suka karɓi kuɗi a dunƙule, aka ruga sayen babura da rediyo da motoci. A 1975 kamfanin Fijo ya fara haɗa motoci a Kaduna. Ba a yi shekara 10 ba farashin ɗanyen mai ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, sa'an nan shirin SAP a 1986, ƙasa tana nishi ƙarƙashin bashin waje. Sai a 2005, zamanin Shugaba Obasanjo, aka daidaita da Ƙungiyar Paris: suka yafe dala biliyan 18, Nijeriya ta biya kimanin dala biliyan 12 daga rarar kuɗin mai, aka kammala a 2006. Darasin da ke ciki shi ne, ranar da kuɗi ya zo a dunƙule ita ce ranar biya, domin ba a san lokacin da zai sake zuwa haka ba.

HUJJOJIN DA MUKE JI

Masu son sayen mota suna da hujjojinsu, bai kamata mu yi watsi da su ba.

Na ɗaya, sukan ce Naira tana faɗuwa, motar da ba ka saya bana ba, baɗi ta fi ƙarfinka. Akwai gaskiya a ciki. A tsakiyar 2023 dala tana wajen Naira 460 a farashin hukuma, a farkon 2024 ta haura 1,500, motoci kuma suka yi tsada. Amma abin da ya ɗaga kuɗin mota shi ya ɗaga kuɗin kayan gyaranta, domin daga waje ake kawo su. Bashi mai ruwa kuma ba ya tsayawa ya jira Naira. In kuwa bashin ba ruwa, ɗan'uwa ne ya ba ka don zumunci, to jinkirin da kake yi shi ne yake asara, domin kuɗin da za ka mayar masa ba zai sayi abin da ya saya ranar da ya ba ka ba. Kana cin riba a kan alherinsa.

Na biyu, sukan ce muna bukatar mota saboda rashin lafiya. In naƙuda ta zo da gardama cikin dare, ko maciji ya sari yaro, da me za a kai shi asibitin Makarfi, ko Wusasa, ko Shika? Wannan bukata ce ta gaske, mun kuma yi jana'izar waɗanda rashin abin hawa ya jawo ajalinsu. Amma wannan hujja ce ta samun mota mai ƙarfi wadda za ta shiga ko'ina, ba ta motar gayu ba. Kuma ikkilisiyoyi biyu ko uku da ke kusa za su iya shirya wannan tare: a san mai mota ko Keke Napep da za a buga wa waya, a kuma ajiye ɗan kuɗin mai a hannun ma'aji domin irin wannan dare.

Na uku, sukan ce kuɗin gwamnati ne, ba mai tambaya. Shirin rancen manoma na Anchor Borrowers, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Jihar Kebbi a Nuwamba 2015, ya raba fiye da Naira tiriliyan 1. Mutane da yawa sun ɗauke shi rabon ganima, kaso mai yawa bai dawo ba, daga baya Babban Banki ya daina ba da irin wannan rance. Waɗanda suka ƙi biya sun rufe ƙofa ga na bayansu. Mai bi ba ya duban ko ana tambaya ko ba a tambaya. In ka sa hannu a kan rance, rance ne.

Na huɗu, kuma ita ce ba a cika faɗa a fili ba: an daɗe ana raina mu. Ana mana kallon mutanen ƙauye marasa galihu, saboda haka bari a ga cewa ɗan Masihiyawa ma Allah ya ɗaga shi. Mun san wannan ciwo, ba wanda ya girma a cikinmu da bai taɓa jin sa ba. Amma 'yan'uwa, mu tambayi kanmu, me mai kantin da ke binka kuɗin taki zai ce a ransa in ka wuce shi a cikin sabuwar mota kana daga masa hannu?

ABIN DA KE CIKIN HATSARI

Mu kaɗan ne a wannan yanki. Yawancin waɗanda muke saye da sayarwa da su, masu ba mu taki da maganin feshi, dillalan rake da masu motocin ɗaukar kaya, maƙwabtanmu Musulmi ne. Addininsu ma yana ɗaukar bashi da nauyi ƙwarai, har ba a raba gādo sai an biya bashin mamaci. Da yawansu ba za su taɓa shiga majami'armu su ji wa'azi ba, amma suna karanta mu a littafin bashinsu. Iyayenmu sun bar mana suna mai kyau a kasuwa, ana cewa in suka ce ranar kaza, to ranar kaza ce. Wannan suna jari ne na dukanmu. In mutum ɗaya a cikin masu yawa ya ci amana, sunansa kaɗai ake kira. In ɗaya daga cikinmu ya ci, sai a ce halinsu ne. Gobe wata gwauruwa ta je neman buhun taki ɗaya a hana ta saboda motar wani.

Abu na biyu shi ne gona. Mun san yadda abin yake tafiya. Bashi ya yi nauyi, a sayar da motar a rabin kuɗinta, bai isa ba, sai a ba da fadama jingina. Jingina in ta daɗe takan zama sayarwa. Magidancin da ba shi da gona ba zai zauna a ƙauye ba, zai kwashi iyalinsa ya tafi Zariya ko Kaduna neman aikin gadi. Gida ɗaya ya tashi, benci ɗaya ya zama wofi a majami'a, yara biyar sun ragu a makarantar Lahadi. A Nehemiya sura 5 mun ga mutanen Allah suna ba da gonakinsu da gidajensu jingina saboda yunwa da haraji, har 'ya'yansu suka shiga bauta. Su yunwa ce ta tilasta musu. Abin kunya ne a ce mu mota ce ta raba mu da gonar gādo.

Tarihinmu ya nuna mana yadda garin masu bi yake watsewa. Wajen 1914 aka kafa ƙauyen Kirista a Gimi, nan ƙasar Zazzau, inda Isawa da suka karɓi bishara ta hannun su Likita Mila suka zauna suna noma. Ciwon barci ya shiga ya kashe da yawa, sauran suka tashi. Wannan annoba ce, ba laifin kowa. Kada mu bari bashi ya yi mana abin da cuta ta yi musu.

YAUSHE YA DACE A SAYA?

Ba muna cewa mota haramun ce ga mai bi ba. Muna addu'a Allah ya ba da yawa daga cikinku. Amma kafin ka miƙa kuɗi, amsa waɗannan tambayoyi a gaban Allah da matarka:

1. Akwai wanda ranar biyansa ta yi, ko ta wuce, da ban biya ba?
2. Na ware abincin gida har zuwa wata kaka, da kuɗin makarantar yara, da kuɗin takin baɗi?
3. Wannan abin hawa zai kawo kuɗi ne, kamar a-kori-kura mai kai rake da hatsi kasuwa, ko kuwa don a gan ni ne?
4. In amfanin baɗi ya zo rabi, zan iya riƙe ta ba tare da na taɓa gona ba?
5. Zan iya zuwa da ita ƙofar wanda ke bina kuɗi in gaishe shi ba tare da jin kunya ba?

In amsar ta farko "akwai" ce, ba sai an je ta biyu ba. In kuwa bashin na dogon zango ne, mai ƙayyadadden lokaci, kana kuma biya ba fashi, abin hawan kuma na aiki ne, to je ka sanar da mai binka kafin ya ji a bakin wani.

Wanda ya yanke shawarar jira, ga yadda zai yi. Ya rubuta dukan basussukansa a takarda ɗaya, ba ɓoye ko ɗaya. Ya fara da wanda aka riƙe gona a kansa da wanda ruwansa ya fi yawa. Wanda ba zai iya biya bana ba, ya je da ƙafarsa ya roƙi lokaci a gaban shaidu. In ya gama, kuɗin da ya saba biya ya ci gaba da ware shi, ko a adashi ko a dabba, da sunan mota. Sannu ba ta hana zuwa.

GA DATTAWA DA IYAYE MATA

Iyayenmu, wani ɓangare na maganin yana hannunku. In aka kawo sabuwar mota a yi mata addu'a, a yi murna da mai ita, amma wani dattijo ya ja shi gefe cikin ƙauna ya tambaye shi ko ya sallami masu binsa. Matiyu 5:23-24 ta koya mana cewa sulhu da wanda ke da ƙara a kanmu yana gaba da baikon da muke kawowa. Yakubu sura 2 kuma ta hana mu ba mai kayan ado kujerar gaba. In muka riƙa girmama mai mota fiye da wanda ya zo a keke alhali ba a binsa ko sisi, mu ne muke tura yaranmu wurin dillalan mota.

Iyayenmu mata, ku ne kuke fara sanin in rumbu ya yi ƙasa. Ku faɗa wa mazajenku gaskiya, kada kuma ku zama masu cewa "ga mijin wance ya saya". Magidanta, ku sanar da matanku abin da ake binku, domin gwauruwar nan ta zamanin Elisha ita ce ta tsaya gaban mai bin bashi, ba mijin ba.

Waɗanda Allah ya hore wa a cikinmu, masu ba da rance, Nehemiya da ku ya yi faɗa. Kada ku ɗora wa ɗan'uwa ruwan da zai nutsar da shi, kada kuma ku sa ido a kan fadamarsa.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, motar da kuke gani a Zariya, in an sayar da ita wata za ta zo. Gonar da ta fita daga hannu da wuya ta dawo, sunan da ya ɓaci a kasuwa kuma ya fi ta wuyar dawowa. Muna roƙon kowane magidanci da saurayi da ke nan, kafin Kirsimati ya zauna da takarda da biro, ya san abin da yake nasa da abin da yake na mutane, ya kai wa kowa nasa.

Allah ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, ya kiyaye mana gonakinmu da shaidarmu, ya kuma ba mu abin hawa a lokacin da ya dace, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.